Iskar Sanyaya Mota da Sirrin Matsin Iska

Gabatarwa

Akwai wata matsala da kan ɗaure wa direbobin tsofaffin motoci kai. Mota tana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska mai sanyi tana fitowa ta kafofin da ke fuskantar direba. Amma da an zo hawa, kamar Hawan Kibo a hanyar Jos, aka taka totur, sai iskar ta ɗauke ta koma tana busa gilashin gaba. Da yawa sukan garzaya a ƙara musu gas, su yi asarar kuɗi, alhali cutar ba a nan take ba. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka, domin ƙa'idar da ke cikinsa ita ce dai ke sarrafa numfashinmu.

Matsin iska

Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi. A bakin teku tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin da ya kai kusan kilogiram 1. Masanin Italiya Torricelli ne ya auna wannan matsi a shekarar 1643. Idan aka rage iska a cikin wani mazubi, sai ta waje ta rinjayi ta ciki, ta danno. Wannan shi muke kira ƙarfin zuƙo. Wanzami ya daɗe da sanin haka a aikace: yakan zuƙe iskar ƙaho ya toshe bakinsa, sai ƙahon ya kama fata. Da iska ta sami kafar shiga, ƙaho ya faɗi.

Yadda abin ke aiki a mota

Injin fetur yana zuƙar iska ta wani bututu da makanikai ke kira manifol. Lokacin da mota ke silo, ƙofar totur kusan a rufe take, saboda haka matsin da ke cikin bututun yakan ragu zuwa kusan kashi 1 cikin 3 na matsin waje. Masu ƙera motoci, musamman na Amurka da wasu tsofaffin Marsandi, sun yi amfani da wannan zuƙo wajen buɗe ƙofofin iska. Siririn tiyo ne ke ɗauko shi, ya bi ta bawul mai hanya ɗaya, ya shiga wata 'yar tanki ta ajiya, sannan ya isa makunnin da direba ke murɗawa. Daga nan sai ya ja wani tantanin roba, shi kuma ya ja ƙofa.

Kowace ƙofa tana da sifirin mai mayar da ita mazauninta idan zuƙo ya ɓace. A yawancin waɗannan motoci an tsara iskar ta koma gilashin gaba da gangan, domin ganin hanya ya fi jin sanyi muhimmanci. To, idan aka taka totur sosai, ƙofarsa takan buɗe, zuƙon injin ya yi ƙasa. A mota mai lafiya bawul yakan rufe, tanki ta riƙe aikin. Idan kuwa akwai huda, ajiyar ta tsiyaye ke nan, sai sifirin ya yi aikinsa.

Matakan bincike

1. A tabbata fanka tana busawa kuma iskar tana da sanyi. In haka ne, gas ba shi da laifi.
2. A bar mota a silo, a saurari ƙaramin huci a ƙarƙashin sitiyari ko kusa da injin.
3. A kashe injin, a bi tiyo da hannu. Zafi yakan tsattsage roba, ruwan batir yakan ci ta, ɓera ma yakan gwigwiye ta.
4. A cire bawul, a goge shi, a hura ta kowane ɓangare. Idan iska ta wuce ta ɓangarorin biyu, ya lalace.
5. A duba tanki ko ta tsage.

Kada a kusantar da hannu ko hannun riga ga fambel injin yana aiki, kada kuma a fesa fetur don neman huda, gudun gobara. Yawancin motocin zamani ƙananan motocin lantarki ke juya ƙofofinsu, don haka wannan bincike bai shafe su ba.

Dangantaka da huhu

Huhu ba ya da tsokar buɗe kansa. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ke sauka, ƙirji ya faɗaɗa, matsin ciki ya ragu, iskar waje ta kwararo. Idan wuƙa ko karyayyen haƙarƙari ya yi huda, iska ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji, sai huhun ya motse. Mai irin wannan rauni a gaggauta kai shi asibiti.

Aiki a aji

Malami ya samo sirinji marar allura. Ɗalibi ya toshe bakinsa da yatsa, ya ja sandar, sannan ya sake ta. Sai ya maimaita bayan ya ɗan ɗaga yatsan. A rubuta bambancin da aka gani, a kuma faɗi wanne ne ya yi kama da motar da ke Hawan Kibo.