Yadda Zafi da Sanyi Ke Sauƙaƙa Saka Boris a Tayar Babur

Sau da yawa sabon boris yana lalacewa tun ranar da aka saka shi, saboda dukan guduma yana barin tabo a hanyar da ƙwallayensa ke bi. Bayan 'yan makonni sai taya ta fara ƙara. Ana iya kauce wa hakan, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi.

A ɗauki boris mai lamba 6202, wanda faɗinsa milimita 35 ne. Idan ya kwana a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, zai tsuke da kusan milimita 0.02. Mazauninsa na alminiyom kuwa, idan aka ɗumama shi zuwa digiri 100, zai buɗe da sama da 0.05, domin buɗewar alminiyom ta kusa ninka ta ƙarfe. Ke nan zafin ne ke yin mafi yawan aikin, don haka rashin wutar firiza ba zai hana komai ba.

Kafin a ɗumama, a cire robobin da ke tare ƙura. A zagaya da na'urar hura iska mai zafi har sai ɗigon ruwa ya tafasa a jikin mazaunin. Sai a sa safar hannu, a jefa boris a miƙe cikin sauri kafin ya ɗauki zafi. Idan ya cije, a buga zoben waje kaɗai, a hankali.

Idan kuma a jikin shaf zai zauna, boris ɗin ake ɗumamawa. Kada ya wuce digiri 120, mai murfin roba kuwa 80.