Sabis Cike, Murya Na Yankewa: Shawarwari Ga Masu Intanet A Gida

A gidaje da dama a Lafiya, daga Bukan Sidi har Tudun Gwandara, kukan ɗaya ne: sabis ya cika fal, data tana nan, amma da an kira ɗan'uwa a WhatsApp sai murya ta riƙa tsinkewa, bidiyo kuma ya tsaya cak. Galibi ba gudu ne ya yi kaɗan ba. Intanet yayyanka murya take yi ƙananan ƙunshi, ta tura su ɗaya bayan ɗaya. Waya kan ɗan tara su kafin ta jera, wanda kuwa ya makara ainun sai ta yar da shi. Giɓin da ya bari shi kunne ke ji.

1. Ku auna kafin ku ɗora wa kowa laifi. Manhajar Speedtest kyauta ce. Kada babbar lambar gudu ta ɗauke muku hankali, ku nemi inda aka rubuta Ping da Jitter. Na farko lokacin da ƙunshi ke ɗauka ne ya je ya dawo, na biyu kuma yadda lokacin nan ke hawa da sauka. Da milisakan ake lissafinsu, wato ɗaya bisa dubu na sakan. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya fi kyau kada ya haura 150. Hawa da saukar kuwa, in ta wuce 30, za ku fara ji a kira. Ku gwada bayan sallar asuba, ku sake bayan isha'i, ku rubuta. Sai dai gwajin yana cin data, kada a mayar da shi wasan yara.

2. Ku kula da layin jiran da ke cikin na'urarku. Nan ne gizo ke saƙar. Rauta ko mifi tana da ma'ajiya inda ƙunshi ke jiran fita, kuma masu ƙera su kan faɗaɗa ta fiye da kima. Kamar wurin injin niƙa ne: mai buhun masara na gaba, ku masu kwano ɗaya sai ku jira ya gama. Wani injiniya a Amurka, Jim Gettys, shi ya fito da matsalar fili a 2010 bayan ya lura da ita a gidansa. Shafin Fast.com, in aka taɓa wajen ƙarin bayani, yana nuna jinkiri iri biyu: lokacin da layi yake sake, da lokacin da aka yi masa lodi. In na farko 50 ne na biyu ya kai 600, to ɓarawon yana cikin gida. Hanyar ɗora kaya ta fi ta saukewa ƙunci, don haka waya guda mai tura hotunan biki zuwa Google Photos ta isa ta dagula wa kowa kira. A kashe ɗorawa da sabunta manhajoji na kai tsaye, a bar su sai dare ya raba. A ganina wannan ya fi sayen sabon layi amfani.

3. In rautarku tana da tsarin fifita kira, wanda ake rubutawa QoS ko SQM, a kunna, a ƙayyade gudu ƙasa kaɗan da abin da kuka auna. Ƙananan mifi yawanci ba su da shi.

4. A ɗaga na'urar sama kusa da taga, ɓangaren da ke fuskantar ƙarfen sabis. Rufin kwano da bangon kankare suna cinye sigina. In tana da wayfai biyu, 5GHz ya fi tsabta a ɗaki ɗaya, 2.4GHz ya fi ratsa bango. Kada kuma a bar ta a rana, zafin watan Maris a Lafiya ba ya raga wa na'ura.

5. A haɗa na'urar da fawabank, don kada ɗaukewar wuta ta katse zance.

6. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ke bin darasi ta Zoom ya rufe kyamararsa in ba dole ba. Masu kallon YouTube su sauko zuwa 360p ko 480p, a fuskar waya bambancin bai taka kara ya karya ba. Wa'azi ko fim mai tsawo, gara a sauke shi tun da dare.

7. Ba kullum laifin gida ba ne. Da yamma jama'a kan yi wa ƙarfe ɗaya yawa, wani lokacin ma daga nesa abin yake tasowa, kamar ranar 14 ga Maris, 2024, da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Afirka ta Yamma ta ji a jikinta. Ku ari layin maƙwabci ku gwada a wuri ɗaya, MTN ko Airtel ko Glo, domin wanda ya yi kyau a Shabu ba lallai ya yi a Sabon Pegi ba. In alƙaluman da kuka rubuta sun nuna matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ku kai ƙorafi ga kamfanin, ku karɓi lambar ƙorafin ku adana. In suka yi biris, ku kira hukumar NCC a 622, kiran kyauta ne.