Ba Kowace Shara Ake Kai Wa Bola Ba

Tun zamanin kakanni manoman karkarar Kano suka san darajar sharar birni. Da rani jakuna kan fita ta ƙofofin gari ɗauke da mangala cike da toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, a kai gona a zuba tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Abin da gida ya zubar ƙasa ce ke cinye shi, ta mayar da shi gero da dawa. Har gobe ana wannan ciniki, sai dai tifa ta karɓi yawancin aikin jaki, ita ma sharar ta sake hali. Wanda ya sa sanda ya tona tsibin takin yanzu zai ci karo da mataccen batir da ya fashe, da gwangwanin maganin sauro, da sirinji da allurarsa, da fasasshen ƙwan lantarki, da kwalbar maganin feshi da sauran ɗigo a gindinta. Waɗannan ba sa ruɓewa su zama taki. Guba ce, daga ɗakunan jama'a ta fito, kuma da zarar ta cakuɗu da sauran shara a bola babu mai iya tsince ta. Saboda haka a cikin gida ya kamata a raba ta.

To, yaya ake gane ta? Duk abin da ke kama wuta da sauri, ko yake cin fata, ko yake fashewa in ya ji zafi, ko yake kashe ƙwari da ɓeraye, to ragowarsa da mazubinsa ba sharar tsintsiya ba ne. Masu yin kayan sukan sa alama ko don wanda bai yi boko ba: ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye na nufin guba mai kisa, harshen wuta na nufin abu mai kamawa, hoton ruwa yana ɗiga a hannu yana cinsa na nufin abu mai ƙuna. A gindin takardar maganin feshin gona kuma akwai zanen launi. Ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, kore ne mai dama-dama.

Matsalar ita ce mafi yawan gubar da ke gidajen talakawa ba ta da takarda ko kaɗan, domin a tsiyaye ake sayenta.

Kananzir ya isa misali. Uwar gida ta aiki yaro da kwalbar lemo ya sayo na kunna gawayi, ta yi amfani da rabi, ta ajiye sauran a gindin murhu. Da azahar zafi ya tsananta, ɗan shekara biyu ya rarrafo yana jin ƙishi, ya ga kwalbar da ya saba gani ana sha da ita, abin ciki kuma garau kamar ruwa. Likitocin yara a asibitocin Nijeriya sun daɗe suna bayyana kananzir a sahun gaba cikin gubar da yara ke sha bisa kuskure. Abin takaicin kuma shi ne taimakon da maƙwabta ke kawowa da kyakkyawar niyya yakan fi kananzir ɗin ɓarna. Nan da nan sai a ce a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Alhali haɗarin kananzir ba a ciki yake ba, a huhu yake. Wajen aman ne yake sarƙe yaron ya gangara huhu, ya jawo ciwon da kan kai shi kabari. Abin yi shi ne kada a ba shi komai, kada a sa shi amai, a cire masa rigar da ta jiƙe, a wuce asibiti tare da kwalbar don ma'aikatan lafiya su ga abin da ya sha.

Haka sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. A bushe ta yi kama da sukari ko gishiri, a jiƙe ba a bambanta ta da ruwa. Yaron da ya kurɓe ta maƙoshinsa kan ƙone, in ya warke ya tsuke har ya kasa haɗiyar tuwo, a yi ta jeka-ka-dawo da shi wurin likitocin tiyata. Ita ma ba a sa amai, don ta sake ƙona hanyar da ta bi. In a ido ko fata ta taɓa, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kimanin minti 20 kafin a nufi asibiti. Wata ɗabi'ar da ta shigo da banɗakin zamani ita ce haɗa ruwan bilic da ruwan wanke masai wai don ya fi fita. Haɗin nan iskar kulorin yake tayarwa, mai shaƙe numfashi, musamman a ƙaramin banɗaki marar taga.

Inda ya fi kamata a tsaya a yi tunani shi ne magungunan ƙwari. Fiya-fiyar da ake tallarta a 'yan kwalabe a tasha da bakin kasuwa, sinadarin da ke cikinta galibi shi ne na Sniper, wato maganin da aka yi domin gona ba domin ɗakin kwana ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irinsa a kasuwanni da kantuna, ta taƙaita shi ga masu sayar da kayan noma, amma duk wanda ya zaga kasuwa ya san dokar ba ta gama isa ko'ina ba. Alamun wanda ya shaƙe shi ko ya sha su ne dalalar miyau, gumi, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. Akwai allurar da ke karya shi a asibiti in an kai mutum da wuri. Shinkafar ɓera kuwa sunanta ma ya faɗi haɗarinta, don kaza da yaro duk tsinta za su yi. Ƙwayar Phostoxin da 'yan hatsi ke jefawa cikin buhu, da ta ji danshi sai ta saki iska mai kisa. Bai halatta a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da mutane ke kwana ba, ko da ɗakin maƙwabci ne mai haɗe da bango. Wanda ke son adana wake ba tare da magani ba, buhun PICS mai ruɓi uku ya wadatar, domin rashin iska ne ke kashe ƙwarin da ke ciki.

Bayan magani ya ƙare sai rigimar mazubi ta taso. Bahaushe ba ya son ya ga jarka mai kyau ta tafi a banza, kuma tattali ba laifi ba ne. Amma galan ɗin maganin ciyawa da aka ɗauraye aka zuba man gyaɗa, ko aka mayar da shi butar alwala ko gorar ruwan tafiya gona, bai rabu da gubarsa ba, don roba na shan magani ta riƙa sakinsa a hankali. Ƙa'idar da masana aikin gona ke koyarwa ita ce a ɗauraye shi sau uku nan take bayan ya ƙare, kowane karo a juye ruwan cikin injin feshi a fesa a gonar, ba a rafi ko bakin rijiya ba. Daga nan a huda gindinsa da ƙusa ko wuƙa yadda ba zai sake riƙe ruwa ba. Hujin nan shi ne muhimmi, domin jarkar da ba a huda ba sai wani ya tsince ta.

Nijeriya ta taɓa ganin haɗarin datti mai guba a babban mataki. A 1988 aka gano fiye da tan 3,500 na dattin masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya cikin durom-durom aka jibge a wani fili a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu. Ma'aikatan da suka kwashe shi sun sha ƙuna da rashin lafiya. Wannan abin kunya ne ya sa gwamnatin soja ta lokacin ta kafa Doka ta 42 mai hukuncin ɗaurin rai-da-rai ga mai zubar da datti mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, wadda NESREA ta gaje aikinta na tabbatar da bin doka a 2007. Dokokin nan jiragen ruwa da masana'antu suka fi fuskanta. Abin da ke ƙarƙashin gado kuwa, sai mai gadon.

Mutanen Zamfara ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Bincike ya nuna duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida cike suke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suka riƙa kai ta baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai isa Bagega ba sai 2013. Mutumin birni zai iya cewa shi ba ya haƙar zinariya, amma dalmar nan ita ce a cikin batirin mota da na babur da na sola, waɗanda yanzu suka cika gidaje saboda rashin wuta. A wata unguwa ta Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda sana'ar fasa tsofaffin batura da tankaɗe ƙasar wurin don tsintar dalma, har ana kai ta cikin gidaje. Dalma kaɗan ma ba ta da kyau ga yaro: ba ta sa zazzaɓi a gani, ƙwaƙwalwa take dakusarwa, sai an sa shi makaranta a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Don haka mataccen batir ba a fasa shi a gida, ba a tsiyaye ruwansa a kwata, ba a bar wa yara su yi kujera da shi. A ajiye shi a tsaye, a inuwa, a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho ya rage kuɗin sabo. Ƙananan batura na tocila da rediyo a tara su a roba mai murfi. Ɗan mitsitsin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da rimot ɗin mota da kayan wasa, in yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa biyu yana iya ƙona maƙoshi. Wannan ba abin jira a gani ba ne. Batirin waya da ya kumbura kuwa wuta yake jira, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin shara.

Dogon ƙwan lantarki mai farin haske da ɗan murɗaɗɗen nan suna ɗauke da zaiba, haka ma ma'aunin zafin jiki na gilashi. In ƙwan ya mutu a mayar da shi kwalinsa. In ya fashe a buɗe tagogi, kowa ya fita na kamar minti 15, sannan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ba da tsintsiya ba, a rufe a kwalba. Ƙwan LED ba shi da zaiba.

Baƙin mai ma yana da masoya. Wasu na zuba shi a masai wai don kashe wari da sauro, wasu a kwata. A unguwar da tsakanin masai da rijiya bai wuce 'yan taku ba, wannan kai wa kai hari ne; masana sun ƙiyasta lita ɗaya na iya ɓata ruwa lita miliyan. A tara shi a jarka a kai wa bakanike ko mai janareta da ke saye. Ƙona shara da magariba kuwa, in akwai leda da taya da wayar wuta a ciki, hayaƙin ba ya tsayawa a gidan wanda ya kunna, kuma gwangwanin maganin sauro na feshi fashewa yake a wuta ko da ya zama fanko.

Sauran magani da wa'adinsa ya wuce, in kemis ko asibitin kusa na karɓa, can ya fi dacewa. In ba haka ba a ɓare ƙwayoyin, a cakuɗa da toka ko ƙasa, a ƙulle a leda, a yayyaga kwalin kada masu jabu su samu abin sake cikawa. Mai ciwon sukari da ke yi wa kansa allura ya nemi roba mai kauri da murfi, ya riƙa jefa allurai ciki, in ta kusa cika ya kai asibiti. A tuna akwai yara 'yan bola-jari da ke tona juji da hannu, da silifas ko babu, suna neman ƙarfe da roba.

Da can duba-gari ne ke shiga gida-gida yana leƙa randa da masai, mata na jin zuwansa a hau share-share. Yanzu motar kwashe shara, ta REMASAB a Kano ko takwarorinta a wasu jihohi, abin da ta tarar a bola shi take lodawa gaba ɗaya. Don haka unguwa ce za ta shirya kanta, kuma abin bai fi ƙarfinta ba. Mai unguwa da liman da ƙungiyar matasa za su iya samun durom biyu masu murfi da kwaɗo, a ajiye a rumfa nesa da rijiya da makaranta, ɗaya na batura, ɗaya na hudaddun jarkokin magani da gwangwanayen feshi. Ba a juye ruwan wani cikin wani, kowane abu a bar shi a mazubinsa na asali. Ranar tsabtar muhalli ta ƙarshen wata kowane gida ya kawo nasa, babba ne zai kawo ba yaro ba. Mai kula da durom ya sa safar hannu, ya rubuta abin da ya shigo. In sun cika, mai unguwa ya rubuta wa sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma ko ofishin NESREA na jiha takarda a zo a ɗauka, ya riƙe kwafi, in mako biyu ya wuce shiru ya aika ta biyu ta hannun dagaci ko hakimi.