Darasi Na 14: Kuros Ɗin Farfela

Ga a-kori-kura ta ɗauko tumatir daga Minjibir, za ta Kano.

Direba ya sa giya, ya ji ƙwas a ƙarƙashi. Da ya taka, mota ta kama rawa.

Kuros ne ya cinye. Shi ne gaɓar farfela, ƙarfen da ke juya ƙafafun baya. In ya karye a hanya, tumatir ya ruɓe.

Makaniki ya tokare ƙafafu da dutse. Ya yi wa farfela alama da alli, don ta koma yadda take. Ya kwance ta, ya fid da tsohon kuros da guduma. Ya sa sabo, ya ɗura masa giris.

Tambaya: Don me aka yi alama da alli?