Kurumtar da Riga-kafi Ne Maganinta: Jan Hankali ga Mutanen Karu

Ya kamata jama'a su sani kurumta iri biyu ce. Akwai wadda dauɗar kunne ko mugunya ke kawowa, wannan likita yana iya kawar da ita. Akwai kuma ta can cikin kunne, inda wasu ƙwayoyi masu kama da gashi ke karɓar sauti su miƙa wa jijiyar ji. Waɗannan idan sun mutu ba sa sake tsirowa, don haka tsare su tun suna raye shi ne magani.

Sanƙarau na kan gaba wajen kashe su, kuma annobarsa ta 1996 ta bar kurame da yawa a Arewa. Sai ƙyanda, hangum, shawarar jarirai mai tsanani da zazzaɓin Lassa. Allurai irin su gentamicin suna lalata ji idan an yi su barkatai a kemis. Amma abin da ya fi kusa da mutumin Karu shi ne ƙara: injin markaɗe a kasuwa, janareto a bakin shago, lasifikar biki, da hon ɗin motoci a hanyar Nyanya. Wannan ɓarna a hankali take shiga kunnuwa biyu. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, kunne ya riƙa ƙugi, mutum ya ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomi cikin taro.

Wani zai ce ƙaddara ce. Gaskiya ne ana haifar wasu da ita, tsufa ma yana kawo ta. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta, kuma ƙaddara ba ta hana bin sababi. Mai injin kuma zai ce a nan abincinsa yake. Ba a ce ya bar sana'a ba, an ce ya toshe kunne da abin kariya, ya nisanta janareto daga inda yake zama.

Saboda haka iyaye su kammala wa yara riga-kafi, a daina allura ba da izinin likita ba. Yaron da ba ya waiwayowa idan an kira shi, ko wanda maganarsa ta yi jinkiri, a kai shi gwajin ji a Asibitin Ƙasa na Abuja ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Na'urar ji ta fi amfani idan an sa ta da wuri.