Idan Jaki Ya Fara Tangaɗi, a Duba Buhun Dusa

A ƙarshen bazara, idan ciyawa ta ƙare a gefen duwatsun Kutus, kowa a Kelle yana komawa ga dusa da masarar kasuwa. Sai ruwan farko ya sauka, buhu ya sha danshi a ɗaki, ya yi hunhuna. Mutum ya karkaɗe shi, ya zuba wa jakinsa.

Akwai hunhunar da ke shiga ƙwaƙwalwar dabba ta zauna, amma wannan ba ta da yawa, kuma maganinta ya fi ƙarfin aljihun makiyayi. Abin da ya fi kusa da mu shi ne gubar da hunhuna ke bari a cikin masara. A Afirka ta Kudu aka gano ta a 1988, ana ce mata fumonisin. Shanu sukan jure ta, amma jaki da doki ba sa iyawa, domin tana laƙaƙa musu ƙwaƙwalwa. Bayan sati ɗaya zuwa ƴan makonni suna cin abincin, sai ka ga dabba ta daina ci, leɓe ya saki, tana tangaɗi, tana zagaya wuri ɗaya ko ta tokare kai da bango kamar makauniya. Da zarar ta kwanta, da wuya ta tashi. Jakin da ke jan ruwa a rijiya kuwa, kun san abin da rashinsa yake nufi ga gida.

Kada a yi gaggawar yanke hukunci. Tunkiyar da ke juyawa gefe guda tsawon makonni, galibi tsutsar kare ce ta yi jakar ruwa a kanta. Dabbar da ke dalalar da yawu tana cizo, a ɗauke ta a matsayin mai haukan kare: a ɗaure ta nesa da yara, kada kowa ya sa hannu a bakinta. Shi ya sa nake fara tambaya: me suka ci, kuma dabba nawa ne suka kamu daga buhu ɗaya?

Allurar oksitetarasikilin da ake saya ranar kasuwa ba ta taɓa wannan guba. Asarar kuɗi ce. A janye abincin nan take daga dukan dabbobi, har masu lafiya. A sa marar lafiya a inuwa, a ba ta ruwa idan tana iya haɗiya, a kira ma'aikacin kiwo. A ajiye masa tiya ɗaya daga buhun, ko za a aika gwaji LABOCEL.

Shanya a rana tana busar da masara, ba ta kashe gubar. Masu kula da bankin abincin dabbobi su ɗora buhuna kan katako, nesa da bango, su gyara rufi kafin watan Yuni.