DARASI: YADDA AKE GANE RAUNIN JIRGIN FAIBA DA GYARA SHI

Kogin Neja ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo, kan iyakar Benin. Mutanen Bahindi da sauran garuruwan Bagudo sun san amfanin jirgin ruwa wajen fito da cin kasuwa. A shekarar 2021 wani jirgin katako ya tsage a kusa da Wara, cikin Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, wato NIWA, tana kiran jama'a su koma ga jirgin faiba. To, amma shi ma jirgin faiba yana lalacewa, kuma rauninsa yakan ɓuya.

Mene ne faiba? Abu biyu ne aka haɗa: zaren gilashi da wani danƙo mai suna rezin. Kamar dai yadda magini yake cuɗa ƙasa da ciyawa. Zaren shi ke ba da ƙarfi, danƙon shi ke riƙe zaren. Ana shimfiɗa su hawa-hawa har su yi kauri.

Idan jirgi ya bugi dutse ko kututture, shimfiɗun nan suna iya rabuwa daga ciki, alhali waje yana nan sumul. Ruwa ya riƙa shiga a hankali. Ran da aka yi lodi mai nauyi, sai wurin ya buɗe a tsakiyar gulbi.

Mace ba ta sayen tukunya sai ta ƙwanƙwasa ta. Haka mai jirgi zai yi. A fitar da jirgin kan tudu, a wanke shi, a kifa. A ɗauki cokali a bi jikinsa ana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana ƙara "kau-kau". Wurin da ya rabu sai ya yi "bus-bus". A zagaye wannan wuri da gawayi. A kuma duba tsaga mai kama da saƙar gizo, da ƙuraje a jikin fenti, da inda yake lotsawa idan an danna. A fi lura da ƙasan jirgi da mazaunin inji.

Wajen gyara, gaggawa ita ce ke ɓata aiki. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, saboda haka a bar shi ya bushe sarai, ko da zai ɗauki kwanaki. Sannan a goge da samfefa har a cire duk ruɓaɓɓen zare. A goge bakin ramin ya yi gangare mai faɗi, kamar kwano, a share ƙurar tas.

A yanka ƙyallen gilashi gida-gida, wani ya ɗara wani girma. A dama rezin da maganin da ke daskarar da shi, bisa awon da aka rubuta a jikin gwangwani. A dama kaɗan-kaɗan, domin zafin rana yana sa shi saurin daskarewa. A shafa, a ɗora ƙyalle, a danna har iska ta fita, a sake shafawa. Haka har ramin ya cika. Idan ya bushe a goge, a yi fenti, a sake ƙwanƙwasawa.

Mai aiki ya rufe hanci, ya sa safar hannu, ya kiyaye idonsa. Kada a sha taba ko a hura wuta kusa, rezin yana kamawa. Tsagar da ta ratsa ƙashin bayan jirgi kuwa ba aikin gida ba ce. A kai wa gwani, kada a ɗauki fasinja sai an gyara.